Babi na Biyar: Daƙiƙa Uku Kafin Tsawa

"Ai ku wasa kawai kuke yi da yara." Da wuya a sami malamar rabin aji da ba a taɓa yaɓa mata wannan magana ba, ko daga bakin maigidanta, ko daga abokan aikinta masu koyar da manyan azuzuwa. Ni ma na taɓa yin wannan katoɓarar. Ƙanwata ce ta dawo daga makaranta ta zube a tabarma ko hijabi ba ta cire ba, na ce mata wai me ake yi a ajin 'yan shekara huɗu da har zai kayar da mutum haka. Ba ta ja da ni ba. Cewa ta yi, "Yaya, gobe ka zo ka taya ni wasan."

Na je. Yaran sun haura 40 a ɗaki ɗaya mai taga biyu, ga fanka a sama amma ba wuta. Kafin a fita tara an kai mutum shida bayan gida, na bakwai bai kai ba ya saki a wando. Wata yarinya tun da aka sauke ta daga adaidaita sahu take kiran Ummanta, har muryarta ta dishe. Wani ya ciji wani a kafaɗa saboda fensir. Ba a rufe minti ɗaya ba ka ji "Anti, kin gan shi ko," "Anti, ya shanye mini ruwa," "Anti, takalmina." Duk wannan ƙanwata tana fama, tana share majina da hannu ɗaya, tana nuna harafi a allo da ɗayan, fuskarta a sake. Sai wajen sha ɗaya da rabi wani yaro ya tuntsurar da gorar zoɓo a kan littattafan da ta kwana tana ja wa layi. Abin da na ji kawai tsawa ce, irin wadda ban taɓa sanin tana da ita ba, da ƙarar rula a kan tebur. Aji ya yi tsit. Yaron ya ƙame, ido ya cika da hawaye, kukan ma ya kasa fita. Ita kuwa ta tsaya riƙe da rula tana kallonsa kamar wadda aka tasa daga barci.

A hanyar gida ta ce da ni, "Wallahi Yaya, ban san lokacin da na yi ba."

Wannan lokacin da mutum bai san ya yi ba, shi za mu bi diddigi a nan. Bai fi daƙiƙa biyu zuwa uku ba, amma a cikinsa ne gajiyar wata guda take samun ƙofar fita, kuma kusan kullum a kan ƙaramin da ya fi kusa take sauka.

Kundin manufofin ilimi na Najeriya ya ce malami ɗaya ga yara 25 a ajin share fagen firamare. Wanda ya rubuta haka ya san abin da yake yi, don yaro ɗan shekara uku ko huɗu bai iya riƙe kansa ba tukuna. In ya ji yunwa ko tsoro ko barci, sai wani babba ya ara masa natsuwa. Aikin malamar ke nan, kafin a zo maganar baƙi da wasali. A 1983 wata masaniyar zamantakewa Ba'amurkiya, Arlie Hochschild, ta yi nazarin ma'aikatan jirgin sama, ta nuna cewa murmushin da suke yi wa fasinja aiki ne kamar ɗaukar kaya, yana cin ƙarfi, kuma akwai ranar da ƙarfin yake ƙarewa. Malamar rabin aji irin wannan aikin take yi, sai dai fasinjanta ba ya sauka bayan awa biyu, yana cizo, kuma tana ƙaunarsa, wanda hakan ke sa nadamar tsawar ta fi ciwo.

Kada mai karatu ya ɗauka talauci da rashin wuta ne kaɗai suka haifar da wannan. A Amurka akwai wani shiri na gwamnatin tarayya mai suna Head Start, wanda aka fara a 1965 zamanin Shugaba Lyndon Johnson, don renon 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi kafin su shiga firamare. A 2012 wani likitan yara na Jami'ar Temple, Robert Whitaker, da abokan aikinsa suka tambayi mata sama da 2,000 da ke aiki a shirin a jihar Fensilbaniya game da lafiyarsu. Kusan ɗaya cikin huɗu na ɗauke da alamun ciwon damuwa, kuma ciwon baya da ciwon kai sun fi yawa a cikinsu fiye da sauran mata sa'o'insu a ƙasar. Kafin nan, a 2005, Walter Gilliam na Jami'ar Yale ya fitar da wani sakamako da ya girgiza masu harkar ilimi a can: ana korar yaran ajin share fage daga makaranta fiye da ninki uku na yadda ake korar 'yan firamare da sakandare. Ɗan shekara huɗu fa! Da aka bi sawu sai aka ga korar ta fi yawa inda aji ya cika, da inda malamar ta ce aikin ya matse ta, kuma ta ragu sosai inda malamai ke da wani masanin halayyar yara da suke kai wa kuka. Ashe wani lokaci abin da aka rubuta a takarda da sunan rashin jin yaro, ma'aunin gajiyar malama ne.

Idan wannan gajiya ta daɗe sai ta zama abin da mu muke cewa mutum ya sare. Christina Maslach, wadda ta fitar da ma'aunin wannan hali a 1981, ta ce alamunsa uku ne: ƙarfin rai ya ƙare, zuciya ta bushe ga waɗanda ake yi wa hidima, sannan mutum ya daina ganin amfanin aikinsa. Ta biyun ce ta fi ba ni tsoro. Ranar da ka ji malama ta daina kiran yaran da sunayensu, ta koma cewa "waɗannan fitinannun," to ruwa ya fara kai wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta sa wannan hali a kundinta a matsayin abin da yanayin aiki ke jawowa.

To, me yake faruwa a jiki cikin daƙiƙun nan uku? A can cikin ƙwaƙwalwa, dama da hagu, akwai wasu 'yan curi biyu da ba su fi ƙwallon dabino ba, ana ce musu amigdala. Su ne 'yan gadin jiki. Da sun hango abin da ya yi kama da haɗari sai su buga ƙararrawa, ba sa jiran shawara. Nan take wasu ƙullutai da ke kan ƙoda su saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, tsoka ta ɗaure. Bayan 'yan mintuna wani sinadarin mai suna kotisol ya biyo baya. A daidai wannan lokacin sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, mai auna magana kafin a faɗe ta, sai ƙarfinsa ya ragu. Hausawa sun daɗe da ganin wannan ba tare da na'ura ba. Shi ya sa muke cewa idonsa ya rufe, ko zuciya ta ɗebe shi. Ɗan gadin nan bai san bambancin kura da gorar zoɓo ba. Kuma in ya yini yana buga ƙararrawa tun bakwai na safe, zuwa sha ɗaya da rabi ko ganye ne ya motsa sai ya yi kururuwa.

Maganin da muke ba malama guda ɗaya ne: ki yi haƙuri. Shugabar makaranta ta faɗa, uwa ta faɗa, miji ya faɗa. Ba ni da ja da haƙuri, mai shi yakan dafa dutse. Amma sau da yawa abin da muke nufi shi ne ki haɗiye, ki danne, kada a gani a fuskarki. Wannan kuwa an gwada shi an ga abin da yake yi. A 1993 James Gross da Robert Levenson suka nuna wa mutane fim ɗin tiyatar yanke hannu, suka ce wa wasunsu su ɓoye abin da suke ji yadda mai kallonsu ba zai gane ba. Fuskokin sun ɓoye, amma na'urorin da aka maƙala musu sun nuna jikin ya ƙara tashi, gumi ya ƙaru, jijiyoyin jini sun tsuke. Bayan shekara goma Emily Butler da Gross suka ƙara wani gwaji da ya fi shafarmu. Aka haɗa mata biyu-biyu da ba su san juna ba, suka kalli fim mai tayar da hankali a kan bam ɗin da aka jefa wa Japan, aka ce su tattauna. A asirce an umarci ɗaya ta danne abin da take ji. Sai ga shi jinin abokiyar hirar, wadda ba ta san komai ba, shi ma ya hau. Dannewa ba ta tsaya ga mai dannewar ba, ta tsallaka ga na kusa da ita.

Yara sun fi manya saurin ɗaukar wannan. A shekarun 1970 Edward Tronick ya sa uwaye su yi wasa da jariransu, sannan su daskarar da fuska na kamar minti biyu, ba murmushi ba ɗaure fuska. Jaririn yakan yi murmushi, ya miƙa hannu, ya yi ƙara, in duk bai ci ba ya kau da kai ya fashe da kuka. A 2016 kuma Eva Oberle da Kimberly Schonert-Reichl suka auna yawun yara 406 a azuzuwa 17 a yankin Bankuba na Kanada, suka ga kotisol ɗin safe ya fi yawa a ajin da malaminsa ya fi sarewa. Waɗannan yaran manyan firamare ne, kuma awon bai nuna wa ya fara shafa wa wani ba, malami ko ɗalibai. Amma duk wadda ta taɓa shiga aji da ɓacin ran gida ta san yadda yaran ke birkicewa ranar, kamar an gaya musu.

Akwai hanya ta uku tsakanin fashewa da dannewa, ita ce a ga fushin tun yana tahowa. A wannan littafi na kira ta halartar hankali, wato mutum ya kasance hankalinsa na nan inda jikinsa yake, yana lura da abin da ke gudana a ransa da gaɓoɓinsa a yanzu, ba tare da ya yi saurin yanke wa kansa hukunci ba. Na aro sunan ne daga halartar zuciya da malamai ke kwaɗaitarwa a cikin salla, don duk mai salla ya san kishiyarta: ka tsaya a raka'a ba ka san ta uku ce ko ta huɗu ba, gangar jiki na kan darduma, hankali na kasuwa. Wasu masana biyu na Jami'ar Harvard, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun bi mutum 2,250 ta wayar hannu a 2010, suna tambayarsu a lokuta daban-daban ina hankalinsu yake. Kusan kashi 47 cikin ɗari na lokacin yana wani wuri dabam da abin da suke yi.

Hanyar da wannan horo ya bi ya shigo asibiti da makaranta sananniya ce. A 1979 wani masanin ƙwayoyin halitta, Jon Kabat-Zinn, ya buɗe wani ɗan sashe a asibitin koyarwa na Jami'ar Masachuset da ke garin Worcester. Likitoci suka riƙa turo masa masu ciwon da magani ya kasa rabawa da su. Ya tsara musu darasi na mako takwas: haɗuwa sau ɗaya a mako, da aikin gida na minti 45 kullum. A zaman farko akan ba kowa ƙwayar busasshen inabi guda ɗaya, a ce ya dube ta, ya shinshina, ya tauna a hankali kamar bai taɓa ganin irinta ba. Cikin sauran darussan akwai bin numfashi, da bin gaɓoɓin jiki da hankali tun daga yatsan ƙafa har tsakar ka. Kabat-Zinn bai ɓoye cewa a wurin malaman addinin Buddha ya koyi abin ba. Kalmar asali ta halartar hankali a harshen Pali ita ce sati. Ba satin da muke jira ya ƙare mu huta ba. A can ma'anarta tunawa, ko kasancewa a farke.

Na san a nan wani zai ɗaga gira, kuma yana da haƙƙi. Abin da zan ce shi ne, darussan da aka gwada a kan malaman makaranta babu bauta a cikinsu, babu kiran wani suna, babu abin da aka ce a gaskata. Lura da numfashi ne da lura da tashin rai. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Koyarwar Musulunci a kan fushi ta umarci mai fushi ya yi shiru, in yana tsaye ya zauna, ya yi alwala. Duba da kyau: kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana buƙatar mutum ya fara sanin cewa fushin ya zo. Wanda idonsa ya riga ya rufe ba ya tuna zama. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a cikin littafinsa Ihya'u a kan muraƙaba da muhasaba, wato tsaron zuciya da yi mata hisabi. Manufarsa Allah ce, ba saukar da hawan jini ba, don haka ba zan ce abu ɗaya ba ne. Amma wadda ta saba da wancan ba za ta sha wuyar wannan ba, haka ma 'yar'uwarta Kirista da ta saba zaman shiru na addu'ar asuba.

Malamar da ke da yara 40 da girkin dare a gabanta ba ta da minti 45. Wannan ne ya sa Patricia Jennings, wadda ita kanta ta yi shekaru tana koyar da ƙananan yara kafin ta zama farfesa a Jami'ar Bajiniya, ta haɗu da Christa Turksma da Richard Brown suka tsara wani shiri mai suna CARE musamman don malamai. An gwada shi a kan malamai 224 a makarantun firamare 36 na unguwannin talakawa a birnin Niyok, aka buga sakamakon a 2017. An raba malaman ne ta hanyar ƙuri'a, rabi suka sami horon awa 30 cikin kwana biyar da aka warwatsa a shekarar karatu, rabi suka jira. Waɗanda aka horar sun ba da rahoton raguwar damuwa da raguwar jin cewa kullum lokaci na korarsu, sun kuma fi iya riƙe ransu. Abin da ya fi ƙarfi a ganina shi ne an tura masu sa ido cikin azuzuwan, waɗanda ba a gaya musu wa aka horar ba, suka ga azuzuwan waɗanda aka horar sun ɗan fi sakin fuska da kula da halin yaro. Na ce ɗan fi, don bambancin ba mai girma ba ne. A wannan shekarar kuma, cikin malaman Head Start na Fensilbaniya kimanin 1,000, an ga waɗanda a ɗabi'arsu suka fi halartar hankali sun fi kusanci da yara, rigimarsu da su ta fi ƙaranci.

Yanzu bari in juyo gare ki, malama, tunda ke ce a filin daga.

Jiki magayi. Fushi ba ya faɗowa daga sama, yana aiko manzo, kuma kowa da inda nasa manzon yake sauka. Wata muƙamuƙinta ne ke ɗaurewa, wata kafaɗunta ne ke hawa wajen kunne, wata zafi take ji a ƙeya, wata kuma muryarta ce ke siririncewa. Aikin makon farko bai wuce ki gano naki ba. Kada ki ce za ki gyara komai. Da daddare in kin kwanta, ɗauki minti uku ki bi jikinki daga tafin ƙafa zuwa ka, ki tambayi kowace gaɓa me ta ɗauko yau. Hankalinki zai gudu wajen kuɗin haya da cefanen gobe. Ba laifi, aikinsa ke nan. Ki dawo da shi kamar yadda kike dawo da yaron da ya sulale daga layi, ba duka ba zagi. Dawowar ita ce horon, ba zaman ba. Wadda hankalinta ya gudu sau ashirin ta dawo da shi sau ashirin ta yi atisaye ashirin.

In manzon ya sauka a tsakiyar aji, abin da ya fi kusa da hannunki numfashi ne. Duk sanda mutum ya fitar da numfashi, wata jijiya mai suna bagus takan ɗan taka wa zuciya birki. In ya shaƙa sai ta saki. Saboda haka fitarwar ce ake ja ta yi tsawo. A 2023 wasu masana a Jami'ar Stanford suka gwada mutum sama da 100 na tsawon wata guda, minti biyar kullum. Waɗanda aka koya wa shaƙa sau biyu ta hanci, ta biyun 'yar gajeriya a kan ta farko, sannan su saki a hankali ta baki, sun fi samun sauƙin rai, har sun ɗara waɗanda aka ce su zauna su lura da numfashi kawai. Da na karanta bayanin sai na yi dariya, don wannan numfashin muna da sunansa tun kaka da kakanni: ajiyar zuciya. Yaron da ya gama kuka shi yake yi ba wanda ya koya masa. Ki yi guda biyu kafin ki buɗe baki. Daƙiƙun ukun nan sun zama goma, kuma a cikin goma ɗin goshi ya fara dawowa bakin aiki.

Sai ki kira abin da sunansa a zuci. "Raina ya ɓaci." "Kunya nake ji don Maman wance na leƙe ta taga." "Tsoro nake kada a ce ban iya riƙe aji ba." Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Los Anjelas sun nuna a 2007, da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, cewa sanya wa abin da ake ji suna yana rage motsin amigdala. Akwai tazara tsakanin "yaron nan zai kashe ni" da "na gaji, raina ya ɓaci." Ta farko tana tura hannu wajen rula. Sau da yawa in kin kira sunan za ki tarar fushin ma ba na yaron ba ne, na albashin da aka yi kwana goma ba a biya ba ne, ko na maganar da aka gaya miki da safe kafin ki fito.

Sauran dabarun ƙanana ne, ki maƙala su a jikin abin da kike yi dama. Bakin ƙofar aji: tsaya, ji tafin ƙafarki a ƙasa, numfashi ɗaya, sannan ki shiga. Wankin hannu bayan kin kai yaro bayan gida: ji sanyin ruwan maimakon lissafin abin da ke jiranki. In za ki tsawata wa yaro, durƙusa idonki ya yi daidai da nasa. Durƙuson kansa yana cin daƙiƙa biyu, kuma da wuya a yi wa mutum kururuwa ana kallon ƙwayar idonsa a kusa. Ba a ce kada ki hana ɓarna ba. Wanda ya ciji ɗan'uwansa dole a raba su a nuna masa bai kyauta ba, da murya mai kauri ma in ta kama. Abin nema shi ne ke kika zaɓi muryar, ba ita ta kubce miki ba.

Zan yi rashin adalci in na tsaya nan. A Birtaniya an yi wani gagarumin gwaji ƙarƙashin Jami'ar Oxford, makarantu fiye da 80, ɗalibai fiye da 8,000 'yan shekara 11 zuwa 14, aka buga sakamakon a 2022. Koyar da ɗaliban halartar hankali bai fi darussan da aka saba ba wajen kare lafiyar ransu. Da yawansu ma ba su yi aikin gidan ba, sun ce yana gundurarsu. Malaman da aka horar sun sami sauƙin sarewa da farko, amma bayan shekara guda yawancin ribar ta dushe. Darasin a bayyane yake: abin ba allurar rigakafi ba ne da za a yi sau ɗaya, kuma wanda aka tilasta wa ba ya amfana. Wani farfesa Ba'amurke, Ronald Purser, ya rubuta littafi guda a 2019 yana sukar yadda kamfanoni ke koya wa ma'aikata numfashi don kada su tambayi dalilin da ya sa aka shaƙe su. Sukar ta zauna daram a kan makarantunmu. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Najeriya, amma dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ƙananan makarantun kuɗi na cikin unguwa da yawa a nan suka faɗa. Mai makarantar da ya tara yara 45 a ɗaki ɗaya, ya hana malama mataimakiya, ya riƙe mata albashi, sannan ya kira taron bita a kan natsuwa, ya raina wa mutane hankali. In da gaske yake, ya fara da ba ta minti goma a rana da wani zai riƙe mata aji ta sha ruwa a zaune. Wadda kuma damuwarta ta kai ga rashin barci, ko kuka ba dalili, ko jin rayuwa ta ishe ta, asibiti za ta nufa. Haka wadda rufe ido da zaman shiru ke tono mata wani tsohon tashin hankali, ta dakata ta nemi likita.

Tronick ya sake gano wani abu da ya kamata kowace malama ta ji. Ko tsakanin uwa da jaririnta lafiyayyu, lokacin da ransu ke tafiya daidai da juna bai fi kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran duk saɓani ne da gyara, saɓani da gyara, kuma a wurin gyaran ne yaro yake koyon cewa ɓacin rai ba ƙarshen zumunci ba ne.

Na koma ajin ƙanwata a zango na uku, lokacin zafin bazara. Yaran ba su ragu ba, fankar ma tana nan yadda na bar ta. Ta ce mini har yanzu tana tsawa, sai dai yanzu takan ji zuwanta, a muƙamuƙi, kuma cikin uku takan tare biyu. Ranar ta ukun ce ta kubce, a kan wani yaro da ya hau tebur ya diro kan ɗan'uwansa. Bayan an lallashi wanda aka faɗo wa, na ga ta tsaya jikin allo ta yi ajiyar zuciya sau biyu, ta je ta durƙusa gaban mai laifin. Ta ce, "Hawa tebur ba kyau, ka ji wa ɗan'uwanka ciwo. Ni ma na yi maka tsawa da ƙarfi, ka yi haƙuri." Yaron ya dube ta, ya ja majina, ya ɗaga ƙafa ɗaya sama.

"Anti, takalmina ya cire."